Kafin Katafila Ta Rufe Ramin: Yadda Aka Raba Gardamar Kwangilar Hanya Ba Tare Da Kotu Ba

Aikin hanya yana binne shaidarsa da kansa. Ramin da aka haƙa yau, gobe an cike shi, jibi rola ta bi ta kai, bayan 'yan makonni an zuba tsakuwa an malala kwalta. Ranar da saɓani zai isa gaban mai raba gardama, ƙasar da ake ja-in-ja a kanta tana can ƙarƙashin ciko, motoci na sharara gudu a bisanta. Shi ya sa wanda ya daɗe a harkar yake tsere da abu biyu da zarar magana ta taso: katafilar da za ta rufe ramin, da kwanakin da yarjejeniya ta ƙayyade. Kotu da ɗage-ɗagen zamanta ba ta iya wannan tsere. Ga yadda wani saɓani ya bi matakansa tun daga fili har takardar sulhu, kamar yadda muka gan shi daga ɓangaren ɗan kwangila.

An ɗora kwangilar kan sharuɗɗan FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya da aka kafa a 1913, kuma bugun 1999 na kundin da ake kira Jan Littafi muka yi aiki da shi. Mutum uku ne a fage: mai aiki, wato hukumar da ta ba da kwangila take kuma biya, ɗan kwangila, sai injiniyan sa ido. Mai aiki ne ya ɗauki injiniyan, shi ke biyansa, amma sashe na 3.5 ya ɗora masa yanke hukunci na adalci tsakanin ɓangarorin biyu. Ana so ya yi wa mai biyansa hukunci ke nan. Akwai injiniyoyin da ke iyawa, amma ɗan kwangila ba ya taɓa sakankancewa, kuma wannan rashin natsuwa ne ya haifar da kwamitin raba gardama.

Kwamitin namu mutum uku ne. Kowane ɓangare ya kawo sunan mutum ɗaya, ɗaya ɓangaren ya amince da shi, sannan aka tuntuɓi mutanen biyu aka daidaita kan na uku ya zama shugaba. Da an kasa daidaitawa, hukumar da aka ambata a ƙarshen takardun kwangila ce za ta naɗa, sau da yawa shugaban FIDIC. Ana biyansu kuɗin riƙo na wata-wata da kuɗin kwanakin ziyara da zama, kowane ɓangare rabi: ɗan kwangila ya biya duka, ya saka rabin mai aiki a takardar neman biyansa ta wata. Wannan kuɗin ne ke sa ayyuka da yawa su yi ta ɗage naɗin, a ce ai babu rigima tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan rigima ta riga ta ɓarke, ko a kan sunan shugaba sai an shafe watanni, don kowa na ganin wanda ɗan'uwansa ya kawo ɗan kore ne. Wani kuskuren kuma shi ne kawo mutum da tunanin zai zama lauyanka a cikin kwamiti. Ba zai zama ba. Ya sa hannu kan cewa ba ya da alaƙa da kowa, ba ya magana da ɓangare ɗaya a bayan idon ɗaya, duk wasiƙar da ta je masa sai kwafinta ya je wa kowa. Abin da ake nema shi ne wanda ya san aikin ƙasa da kwalta da hannunsa, sannan a samu aƙalla ɗaya da ya goge a fassarar kwangila.

Tsarin ma a aikin hanya aka fara shi. A 1975 aka kafa irin wannan kwamiti a aikin rami na biyu na Eisenhower, inda babbar hanya ta ratsa cikin dutse a jihar Kolorado ta Amurka, bayan ramin farko ya sha rigingimun kuɗi. A 1995 Bankin Duniya ya saka shi cikin takardun manyan ayyukan da yake ba wa rance. Dokar ziyara a Jan Littafi ita ce kada tazarar ziyara biyu ta wuce kwana 140, kada kuma ta gaza 70 sai in da dalili. Tsakanin ziyara ana aika musu rahoton wata da jadawalin aiki.

Maganar ta taso ne a wani yanki mai tsawon mita 1,800. Rahoton binciken ƙasa da aka raba wa masu neman kwangila ya nuna ramukan gwaji kowane mita 500, kuma waɗanda ke gefen wannan yanki duk jar ƙasa ce mai tsakuwa. Da gireda ta kankare saman, sai ga baƙar laka, irin mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe. An ɗebi samfur an kai ɗakin gwaji. Gwajin CBR, mai auna yadda ƙasa ke ɗaukar nauyi, yana buƙatar a jiƙa samfurin kwana huɗu, don haka sai bayan kusan mako sakamako ya fito: 2 zuwa 3, alhali zanen hanyar ya ɗauka za a samu 8 ko fiye. Injiniya ya ba da umarni a kwashe lakar zurfin mita 0.9 a faɗin mita 14, a shimfiɗa tabarmar zare mai hana laka cuɗanya da ciko, a ciko da ƙasa mai kyau. Lissafin ya kama kubik mita 22,680. Da tifa mai ɗaukar kubik 15, sawu fiye da 1,500 ke nan na fitarwa, da wasu kamarsu na shigo da ciko daga nesa.

Mataki na farko ba ya jiran sakamakon gwaji. Sashe na 4.12, mai magana kan yanayin ƙasa da ba a zata ba, yana son a sanar da injiniya da wuri don ya zo ya gani. Sashe na 20.1 kuma ya ba da kwana 28 daga ranar da ɗan kwangila ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, ya ba da notis cewa zai nemi ƙarin lokaci ko kuɗi. Idan kwanakin suka wuce, haƙƙin ya faɗi, komai gaskiyarsa. Notis ɗinmu ya fita a kwana na uku, shafi ɗaya ne: wurin daga alamar kaza zuwa kaza, ranar da aka gani, abin da aka gani, sassan kwangilar da muka dogara da su, da cewa cikakken bayani na tafe. Babu adadin kuɗi a ciki, babu zargin kowa. Manajojin fili da yawa suna ƙin aika notis don kada a ce suna neman rigima tun aiki bai yi nisa ba. Notis ajiyar haƙƙi ne kawai, kuma yana ba mai aiki damar canja shawara tun kuɗi ba su taru ba, alal misali ya zaɓi gauraya lakar da farar ƙasa maimakon kwashe ta.

A daidai lokacin akwai wata matsala da ba mu yi wa haka ba. A wani yanki dabam, turakun lantarki da ya kamata mai aiki ya sa a kawar suna nan tsaye a tsakiyar layin hanya, injin shimfiɗa kwalta da ma'aikatansa suna zaune. An yi ta faɗa a taron wata, an rubuta a bayanin taro, kowa ya ɗauka ai an sani. Notis na ainihi bai fita ba sai a kwana na 41. Za mu dawo kan abin da wannan ya jawo.

Abin da ya fi cin ƙarfi a makonnin nan shi ne rajista. Kafin eskabeta ta taɓa ko'ina, safiyonmu da na injiniya suka ɗauki lebur, wato awon tudu da kwarin ƙasa, tare kowane mita 20, aka sake ɗauka bayan an haƙa, duka biyu suka sa hannu a takarda ɗaya a ranar. An raba kowane samfurin ƙasa uku: namu, na injiniya, da ɗaya da aka rufe aka ajiye ko za a buƙaci gwaji na ɗakin da ba na kowa ba. Kowane hoto yana da sandar awo a ciki da allon da ke nuna alamar wuri da kwanan wata, domin hoton baƙar ƙasa da ba a san inda aka ɗauke shi ba bai tabbatar da komai ba. Takardar kullum ta nuna kowane inji da lambarsa, awa nawa ya yi aiki, awa nawa ya tsaya, da dalili. Sufeton injiniya ya ƙi sa hannu da farko, yana tsoron a ce ya amince da biyan kuɗi. Aka ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar cewa sa hannu shaida ce ta abin da ya faru kawai, ba yarda da wani haƙƙi ba. Daga nan ya riƙa sawa. Waɗannan takardu masu hannu biyu su ne kusan abin da ba a yi musu a kansa ba har ƙarshe.

Sa'ar da aka yi, ziyarar kwamiti ta faɗo ana tsakiyar haƙa. Mun nemi a roƙe su tare su ba da ra'ayi na shawara, abin da bugun 1999 ya yarda da shi idan ɓangarorin biyu sun amince. Mai aiki bai amince ba. Duk da haka sun je wurin. Shugaban kwamitin ya sauka cikin ramin, ya ɗebi lakar daga bangonsa, ya ɗiga mata ruwan gorarsa, ya murza ta a tafin hannu har ta zama siririn zare bai katse ba. Ya tambayi injiniya inda ramin gwaji mafi kusa yake, aka nuna masa turken, ya taka da ƙafa daga can zuwa inda launin ƙasar ya canja yana ƙirga taku. Sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon wani kwari da ke tsakiyar yankin, inda ciyawar ta bambanta da ta kewaye. Bai ce komai ba. A rahoton ziyara sun rubuta abin da suka gani kawai. Gani ya kori ji: bayan wata biyu babu sauran ramin, amma mutanen da za su yanke hukunci sun taɓa lakar da hannunsu.

Cikakken bayanin neman haƙƙi yana da kwana 42 daga ranar da aka san matsalar, kuma tunda abin yana ci gaba, sai aka riƙa aika na wucin gadi kowane wata, na ƙarshe cikin kwana 28 bayan an gama. Mun nemi ƙarin kwana 96, da kuɗin zaman ofishin fili da injina na waɗannan kwanaki, da sabon farashin kwashe ƙasa mara kyau. Wannan na ƙarshen ya dogara da sashe na 12.3: kundin awo, wato jerin ayyukan kwangila da adadinsu da farashinsu, ya tanadi kubik 3,000 kacal, kuma sashen ya yarda da sabon farashi idan adadi ya canja da fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuɗin canjin ya wuce kashi 0.01 cikin ɗari na kuɗin kwangila, kuma ya taɓa kuɗin kowane kubik da fiye da kashi 1. Sharuɗɗan sai sun haɗu gaba ɗaya. A nan dalilinmu mai sauƙi ne: wurin zubar da ƙasa na kusa ya cika, ramin ɗibar ciko na kusa ya ƙare, tifofi suka koma tafiya mai nisa.

Injiniya yana da kwana 42 ya amsa. Ya ba da kwana 30 ba tare da kuɗin zama ba, ya ce a biya kwashewar da tsohon farashi. Hujjarsa: tunda kundin awo ya ambaci ƙasa mara kyau, to an zace ta, kuma sashe na 4.10 ya ɗora wa ɗan kwangila fassara bayanan ƙasa da duba wuri da kansa. Manajan aikinmu ya zauna da injiniyan fili, daga baya daraktoci suka zauna da shugabannin hukumar. Zaman bai haifar da komai ba, kuma dalilin ya kamata a fahimce shi. Jami'in gwamnati da ya amince da biyan kuɗin da injiniyansa ya ƙi, gobe masu binciken kuɗi za su tambaye shi don me. Ko ya ga gaskiya, ya fi masa sauƙi wani ya umarce shi. Wannan na cikin manyan amfanin kwamiti da ba a cika faɗa ba: yana ba jami'i takardar da zai fake da ita.

Aka miƙa saɓanin ga kwamiti a rubuce, da ambaton cewa ƙarƙashin sashe na 20.4 ake yi, kwafi ga mai aiki da injiniya. Kwana 84 da kwamiti ke da su don yanke hukunci suna fara ƙirguwa daga ranar da takardar ta isa hannun shugaba. Ya tsara lokaci: mai aiki ya amsa cikin kwana 28, mu mayar da martani cikin 14, a zauna kwana biyu a ofishin fili. Abin da ya fi taimakawa shi ne wani tebur da suka sa aka cika tare, kowane batu layi ɗaya, matsayinmu a gefe, na mai aiki a gefe, gurbi ɗaya babu komai don kwamiti. Ana cikin cikawa aka gane batutuwa da dama babu saɓani a kansu, musamman adadin ƙasar da aka kwashe. Tambayar da za a yi wa kwamiti ma sai an tsara ta da kyau, domin abin da aka tambaye su kaɗai za su amsa. Wanda ya tambaya ko yana da haƙƙi, bai tambayi nawa ba, zai fita da nasara a takarda, ya koma wajen injiniya a sake sabuwar gardama kan adadi.

Zaman ba kamar kotu ba ne. Babu rantsuwa, 'yan kwamitin ne ke yawan tambaya, kuma sun fi son jin bakin fomanin da ya tsaya a ramin fiye da na lauya. Mafi tsawon lokaci ya tafi kan jadawali. Jinkiri ba ya zama ƙarin wa'adi sai ya taɓa jerin ayyukan da ke riƙe da ranar gamawa, waɗanda in ɗaya ya makara da kwana ɗaya duk aikin ya makara. An ɗauki jadawalin farko da na kowane wata, aka yanka lokacin wata-wata, a kowane yanki aka duba mene ne ke riƙe da aikin a lokacin. A nan rauninmu ya fito. Injin fasa dutsenmu ya lalace kwana 19 a cikin lokacin, don haka ko da babu baƙar laka, babu tsakuwar da za a zuba a waɗannan kwanaki. Mun yi shiru a kai a takardunmu, mai aiki ya zaro shi daga rahotonmu na wata. Da mun faɗa da kanmu da ya fi, domin daga nan kwamiti ya riƙa bin sauran lissafinmu da ido biyu. Ƙa'idar da aka fi bi idan jinkirin ɓangarorin biyu ya haɗu a lokaci guda, wadda jagoran ƙungiyar dokar gine-gine ta Ingila na 2002 da bugunsa na 2017 suka bayyana, ita ce a ba da lokaci, a hana kuɗi.

Hukuncin ya fito a rubuce da dalilansa kafin cikar kwana 84. Ma'aunin sashe na 4.12 shi ne abin da gogaggen ɗan kwangila zai iya hange a ranar miƙa tayinsa. Kwamiti ya ce kwarin nan na tsakiya, kimanin mita 400, duk wanda ya taka wurin ya kuma karanta wani layi a rahoton ƙasa da ya ambaci baƙar ƙasa a wurare masu gangare, ya kamata ya yi tanadi. Sauran mita 1,400 ba wanda zai zata. Suka cire kwanakin kwarin da kwanakin ruwan sama na al'ada, tunda sashen bai haɗa da yanayin sama ba, suka ba da kwana 61, 42 da kuɗi, 19 babu. Sun amince da sabon farashi. Sun rage kuɗin injinan da suka tsaya sosai, domin mun lissafa su da farashin inji mai aiki, alhali injin da ke tsaye ba ya shan mai, ba ya cin taya. Abin da ake biya shi ne faɗuwar daraja, inshora da albashin direban da ba a sallama ba. Sun kuma cire ribar da muka ɗora: sashe na 4.12 kuɗin da aka kashe kawai yake bayarwa, saɓanin sashe na 2.1 na rashin miƙa fili a kan lokaci, mai haɗawa da riba.

Maganar turakun lantarki kuwa ta faɗi gaba ɗaya. Mun kafa hujja da hukuncin wata kotun Ingila na 2014 kan aikin hanya da rami a filin jirgin saman Jibiralta, inda alƙali ya ce a neman ƙarin lokaci ana iya ƙirga kwana 28 daga lokacin da jinkirin ya fara aukuwa a zahiri. Kwamiti ya ce wancan magana ce ta lokaci, tamu ta kuɗi ce, tunda yankin turakun bai riƙe ranar gamawa ba, kuma mun san muna asara tun ranar farko. Bayanin taro bai nuna ana neman wani haƙƙi ba, ƙorafi ne kawai. Kwana 13 na makara suka cinye kuɗin da, a kan gaskiyar lamari, babu mai musun namu ne. Bugun 2017 ya ƙara fito da abin fili: takarda sai ta kira kanta notis, kuma rahoton ci gaban aiki ba ya tsaya a madadinsa. Sai dai bugun ya buɗe ƙofar a duba uzurin makara, ya ƙara wa cikakken bayani lokaci zuwa kwana 84, ya kuma ɗora wa kwamiti aikin kashe saɓani tun kafin ya girma.

Hukuncin kwamiti ya hau kan kowa nan take, aiki kuma ba ya tsayawa. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 28 ya ba da notis na rashin gamsuwa da dalilansa. In babu, hukuncin ya zama na ƙarshe. Mai aiki ya ba da nasa a kwana na 26, mu ma muka ba da namu kan batutuwan da muka rasa don kada su rufe. Notis ɗin ba ya ɗage wajibcin biya. A biya yanzu, a ci gaba da gardama daga baya, haka tsarin yake, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Singafo ta tabbatar da hakan a 2015 a wata rigimar shimfiɗa bututun gas ta ƙasar Indonesiya. Amma tilasta biyan wani dogon aiki ne a ƙarƙashin bugun 1999, kuma kuɗin ba su shigo ba.

Saura kwana 56 na neman sulhu kafin a iya zuwa gaban alƙalan zaɓi, wato mutum uku da za a naɗa ƙarƙashin dokokin majalisar 'yan kasuwa ta duniya mai hedikwata a Faris. Wannan ma ba kotu ba ne, kuma hukuncinsu yana zartuwa a ƙasashe fiye da 170 albarkacin yarjejeniyar Niyok ta 1958. Amma a tsada da daɗewa ɗan'uwan kotu ne: lauyoyi, ƙwararrun jadawali, ƙwararrun ƙasa, shekaru. Sannan hukuncin kwamiti yana shiga cikin shaidun da za su gani, kuma da wuya alƙalan da ba su ga ramin ba su ture maganar injiniyoyi uku da suka shiga cikinsa. Kowane ɓangare ya yi wannan lissafi a ransa.

Kwangilar ba ta faɗi yadda za a yi sulhun ba, don haka aka daidaita kan mai shiga tsakani guda, wanda ba ya yanke hukunci. Sharaɗi biyu aka sa wa hannu kafin zama: duk abin da aka faɗa a ɗakin ba za a kafa hujja da shi a gaba ba, kuma kowane ɓangare ya zo da wanda ke da ikon amincewa da adadi a ranar. Na biyun ne ke yawan wargaza zama, a wuni ana ciniki sai a ƙarshe a ce sai an koma an tambayi na sama. An fara a ɗaki ɗaya, kowa ya yi bayani a taƙaice, sannan aka rabu ɗaki biyu yana kai-komo. A ɗakinmu tambayarsa ɗaya ce yake maimaitawa ta fuskoki daban-daban: idan kuka ci duk abin da kuke nema bayan shekara uku, nawa ne darajarsa a yau, bayan an cire kuɗin lauyoyi da ruwan bashin banki? A ɗaya ɗakin ya gano abin da ya fi damun mai aiki ba jimlar kuɗin ba ce. Kasafinsa na shekarar ba zai ɗauki biya a dunƙule ba, kuma yana son a buɗe wani yanki na hanyar da wuri. Kwamiti ba shi da ikon taɓa irin waɗannan, iyakarsa abin da kwangila ta ce. A zaman sulhu kuwa su ne kayan ciniki.

Aka tsaya kan kwana 61 da adadin da kwamiti ya yanke, a biya kashi uku cikin takardun biya uku masu zuwa. Muka yafe wani ɓangare na kuɗin jinkirin biya, wanda sashe na 14.8 ya sa maki uku sama da ruwan babban bankin ƙasar kuɗin da ake biya da shi. Muka karɓi sauya jerin aiki don a miƙa yankin da suke so tukuna. An rubuta yarjejeniyar a daren, kafin kowa ya tashi, domin sulhun da aka bari sai gobe yakan wayi gari da sababbin sharuɗɗa. Ta ƙunshi sabuwar ranar gamawa, da janye tarar jinkirin da aka fara cirewa, da janye notis biyu na rashin gamsuwa, da tsawaita takardar lamunin banki da inshora zuwa sabon wa'adi da wanda zai biya kuɗin tsawaitawar, da abin da zai biyo baya idan kashi ɗaya bai shigo ba.

Layin da aka fi daɗewa a kansa shi ne na yafe sauran buƙatu. Mai aiki ya so a rubuta cewa an rufe duk wani neman haƙƙi har zuwa ranar sa hannu. Muna da notis a buɗe kan wani kwalbati da aka tarar da bututun ruwan da babu shi a zane ya gitta ta ƙarƙashinsa, kuma irin wannan jimla za ta haɗiye shi. Aka lissafa buƙatun da aka rufe da lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, aka ware na kwalbatin da sunansa. Da kwamiti ya zo ziyara ta gaba, bututun yana nan a buɗe, an tokare shi da katako. Wannan karon ɓangarorin biyu suka nemi ra'ayinsu tare, a tsaye a bakin ramin. Suka duba zane, suka auna zurfin, suka faɗi yadda suke gani. A makon injiniya ya fitar da umarnin canjin aiki, aka karkatar da bututun, aka cike ramin.